Kunnen Yaya a Cikin Akwati

A ma'aikatar tace ruwa babu mai kiransa da sunansa. Mai Kunne ake ce masa, tun daga maigadi har manaja, kuma ya fi jin daɗin wannan laƙabi a kan takardar digirinsa da ke rataye a falo. Injiniya ne na gaske, ya yi karatun ya kuma sha wuyarsa, amma abin da ya ɗaukaka shi wata doguwar sukudireba ce mai mariƙin katako. Yakan kafa bakinta a jikin injin tura ruwa, ya manna mariƙin a kunnensa na dama, ya lumshe ido. Kafin ka gama gyara tsayuwa ya gaya maka abin da ke damun injin da kuma ranar da zai kwanta idan aka yi sakaci.

Kowane sauti ya raɗa masa suna. Idan inji na ƙalau, ya ce yana minsharin ƙoshi. Idan boris, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da sandar injin ke juyawa a cikinsa, ya fara bushewa yana wani siririn tsuwwa, wannan kukan yunwa ne, a ba shi giris. Idan an bar shi har ya fara cin kansa, to an kai ga cizon haƙora, a kashe kawai a buɗe. Ma'aikata tun suna dariya har suka koma rantsuwa da kunnen nasa, domin bai taɓa sa an buɗe inji an ji kunya ba.

Tsinke kuwa ƙanin matarsa ne. Yana ɗan sakandare matar tasa, Malama, ta ɗauko shi ya zauna a wurinsu, siriri, wuya kamar mariƙin lema, kuma Mai Kunne ne da kansa ya laƙaba masa sunan. Yaron ya ɗauki mijin yayarsa ya ɗora a ka. Yadda yake tafiya, yadda yake soke biro a aljihu, duk ya kwaikwaya, da ya shiga jami'a ma bai nemi wani fanni ba sai injiniyanci. Lokacin koyon aiki Mai Kunne ya kawo shi ma'aikatar, ya damƙa masa sukudirebar da ba ya barin kowa ya taɓa.

A nan aka gano yaron ba shi da kunne. Ya kafa, ya saurara, ya yi zufa, ya ce shi duk ruri ɗaya yake ji.

"Kai kunnen naka na ado ne?" in ji Mai Kunne. "Ko rataye tabarau kawai aka yi maka shi?"

Tsinke ya yi dariya tare da masu yi masa dariya. Washegari sai ga shi da wayarsa cikin tsohuwar safa, ya ɗaure ta da roba a jikin injin yana naɗar sauti. Ya ce tunda ba ya ganewa a nan, zai je gida ya yi ta maimaitawa. Daga ranar duk injin da suka tsaya a kai sai ya kunna wayar ya ce, "Yaya, wannan fa?" Mai Kunne ya amsa masa, da zagi a gaba da bayani a baya. Haka suka yi ta yi har yaron ya gama karatu, har Mai Kunne ya yi ta zirga-zirga ofis-ofis ya samo masa aiki a wurin.

Tsinke bai daɗe a aikin ba ya ce zai bari. A falo ya faɗa, yana tsugune, kansa a ƙasa.

"Yaya, sautukan nan da na tara, na fara koya wa kwamfuta ta bambance su. Ina ga idan na ba abin lokaci zai yiwu a yi ɗan akwatin da za a manna wa inji, ya riƙa sauraro yana turo saƙo a waya."

"Kai da ba ka ji, kai ne za ka koya wa ƙarfe ji?"

"Ai shi ya sa, Yaya. Irina sun fi irinka yawa."

Mai Kunne ya yi faɗa kamar zai ari baki. Ya ce aikin da mutane ke nema da tsinin allura shi ne wani zai yi wa riƙon sakainar kashi, ya ce injiniyan da tafin hannunsa ba baƙin mai ai magatakarda ne. Malama ta ba shi haƙuri, yaron ya ba shi haƙuri, amma dai ya tafi.

Shekarun da suka biyo baya Tsinke ya ga tasku. Shi da abokansa biyu suka kama wani ɗaki a saman shagon mai faci, fanka ɗaya, tebur ɗaya, ƙaurin dalma ya kama labule. Shirye-shiryen kwamfuta a bidiyo ya koya, da karambani. Don su samu na sawa a baki sukan yi wa makarantu da shaguna shafin intanet. Akwatinsu na farko zafi ya narkar da shi, na biyu kuma babur ya wuce a titi sai ya turo saƙo wai inji ya lalace. Ɗaya abokin ya gaji ya koma aikin albashi. Tsinke ya ƙara zama tsinke, kullum yamma yana gidan yayarsa yana jiran a sauke tukunya.

In za a faɗi gaskiya, waɗannan su ne shekarun da Mai Kunne ya fi ƙaunar ƙanin matarsa. Yakan ce a ƙara masa abinci, ya ba shi tsoffin rigunansa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma ba komai, Allah ya shirya." Tausayin na gaske ne, sai dai akwai wani daɗi a ƙarƙashinsa wanda bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Sai abu ya juya. Wani mai ɗakin sanyi na ajiye kifi ya yarda aka manna wa injinsa akwatin don kawai a bar shi ya huta da naci. Akwatin ya yi ta turo gargaɗi, mutumin ya sa aka buɗe, aka tarar saura ƙiris da kifinsa ya zama na kuliyoyi. Mai kifi kuwa bakinsa ba ya shiru. Daga nan sai masu otal da ke da lif, sai masu injin niƙa, sai wata masaƙa. Tsinke ya sauko daga saman mai faci ya koma bene mai ƙofar gilashi, ya ɗauki ma'aikata, aka fara kiransa taro yana hawa dandamali da makirfo a wuyan riga.

Ranar da Mai Kunne ya fara zuwa ofishin, wata yarinya a bakin ƙofa ta dube shi da murmushi ta ce, "Baba, wa za a ce masa?" Bai taɓa jin tambayar da ta ƙona shi kamar wannan ba. Tsinke ya fito da gudu, ya rusuna har ƙasa a gaban ma'aikatansa, ya zagaya da shi yana cewa ga malaminsa. Wannan ma bai yi wa Mai Kunne daɗi ba. Da yaron ya yi girman kai, da ya samu abin kamawa ya ce ga butulci. To bai yi ba. A kowane taro sai ya ambaci mijin yayarsa, Malama ta kawo wayar da rawar jiki ta ce, "Injiniya, ji ɗan naka yana yabonka." Shi kuwa sai ya ji kamar yabon da ake yi wa mamaci.

Ƙyashi ne, ba shi da wani suna. Yana ƙyashin motar, yana ƙyashin ƙibar da yaron ya fara yi, yana ƙyashin yadda 'ya'yansa na cikinsa suke cewa Kawu kaza Kawu kaza a kan duk abin da ya shafi ilimi. Idan aka ce kamfanin ya samu sabon aiki, yakan ce "Ma sha Allah" da baki, abincin ranar kuma ya tsaya masa a ƙirji. Ya san an ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma ya ga alama da takinsa yaron ke ta yin ganye. A ransa magana ɗaya yake juyawa: kunnena ne aka sa a akwati ake sayarwa.

Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba. Kunnen ya fara tafiya. A gida aka fara lura, yara suna cewa talabijin ta yi ƙara, shi yana cewa su ne suka cika surutu. Sannan wani siririn kuka ya tare a kunnensa na dama, ba dare ba rana. Ya saci jiki ya je wurin wani likita a can wata unguwa inda ba a san shi ba. Likitan ya sa masa abin ji, ya yi ta danna maɓalli, ya ce shekarun da ya yi cikin rurin injuna ne suka ci jijiyar, kuma siraran sautuka su ne suke fara ɓacewa. Mai Kunne ya tambaya ko akwai magani, aka ce sai dai a kare abin da ya rage. Ya fito ya daɗe zaune a mota bai tayar ba, domin ya san kukan yunwa siririn sauti ne. A wurin aiki ya koma kafa sukudireba a kunnen hagu, ya ce wa ma'aikata wuyansa ne ya sage. Na hagun ma lami ne, da ƙwarewa da sa'a kawai yake rufa wa kansa asiri.

Ana haka manaja ya kira shi ofis. Ya ce hukumar ruwa tana so a gwada akwatunan kamfanin Tsinke a kan injunan tura ruwa, idan sun yi a saye su ga dukkan tashoshi.

"Kai ne alƙali, Injiniya. Abin da na'ura ta faɗa mu gwada da kunnenka. In ka ce ta yi, ta yi. In ka ce ba ta yi ba, mu sallame su, surukuta daban aiki daban."

Aka manna akwatunan, kowanne bai fi na ashana ba, da maganaɗisu a bayansa. Aka sa masa manhajar a waya. Kwanaki tana nuna kore, yana wucewa yana hararar akwatunan kamar sun ci masa bashi. Ran nan da hantsi wayar ta yi tsalle a aljihunsa. Ya duba, ya ga an rubuta: Inji na uku, kukan yunwa, a ba shi giris.

Ya karanta ya sake karantawa. Ashe ba kunnen kaɗai aka ɗauka ba, har da bakinsa. Maganar da ya ƙirƙira da kansa a cikin wannan ɗakin injuna, ita ce waya take faɗa masa yau kamar shi ne ɗan koyo. Ya ɗauki sukudireba ya je ya kafa wa inji na uku. Ruri kawai ya ji, da kukan nan na cikin kansa. Makanikin da ke aiki ƙarƙashinsa ya riga ya ɗauko abin ɗura giris.

"Mayar da shi," in ji Mai Kunne. "Injin nan minsharin ƙoshi yake yi. Giris in ya yi yawa shi ma kashe boris yake, ko an daina koya muku wannan?"

Maganar gaskiya ce, yawan giris yana ɓarna, shi ya sa babu wanda ya yi musu. Amma shi ya san ba don haka ya faɗa ba. Ɗan giris da ba zai cika cokali ba ya hana injin, don kada a ce akwati ya riga shi ji.

Bayan kwanaki wayar ta sake tsalle, wannan karon da jan rubutu: Inji na uku, cizon haƙora, a kashe a duba boris. Saƙon ya je wa manaja shi ma. Kashe inji na uku ba wasa ba ne, unguwanni da yawa za su wuni famfo a bushe, waya za ta yi ta ƙara a ofis. Idan kuma aka bar shi boris ya kama, ya tafi da sandar injin, to ba maganar wuni ake ba, sai an yi makonni ana jiran kaya.

Tsinke ya iso kafin azahar, ya bar motarsa a karkace. Ya ja mijin yayarsa gefe, bayan allon lantarki, yana magana da ƙarfi saboda ruri, fuskarsa duk ta faɗa.

"Yaya, ni kaina hankalina bai kwanta ba. Ka ce lafiya yake, na'ura ta ce ba lafiya ba. Tana kuskure wani lokaci, musamman a tsofaffin injuna. Duk abin da ta sani daga bakinka ta ji shi, ba za ta fi ka ba. Don Allah ka sake saurara min. Idan ka ce ƙalau yake, wallahi yau zan kwashe kayana in gaya wa manaja ba mu shirya ba. Gara in rasa aikin da in sa a yanke wa mutane ruwa a banza."

Mai Kunne ya dube shi. Ga abin da ya daɗe yana so an kawo masa har hannu. Kalma ɗaya zai faɗa, mai bene da ƙofar gilashi ya naɗe wayoyinsa a gaban maigadi ya fita, a yi ta ba da labari cewa kunnen tsoho ya kayar da kwamfuta. Kuma yaron ba zai taɓa zargin komai ba, godiya ma zai yi.

Manaja da makanikai suka kewaye inji na uku. Mai Kunne ya kafa sukudireba, ya manna kunnen hagu, ya lumshe ido. Babu komai sai ruri. Ya juya na dama ba tare da ya damu da wa ke kallo ba, nan ma babu. Ya daɗe a haka fiye da yadda ya taɓa daɗewa, mutane suna zaton zurfin sauraro ne, alhali lissafi yake yi da zuciyarsa. Ya tuna girishin da ya hana. Ya tuna layin jarkoki da yakan gani a bakin titi duk ranar da tasha ta tsaya, da matan da ke tare motar ma'aikatar suna tambaya yaushe. Ya kuma gane cewa a duk ɗakin nan akwai kunnensa guda ɗaya da ya rage yana aiki, kuma ga shi can manne a jikin injin, ɗan mitsitsi, da kwalin kamfanin wani.

Ya ɗago ya goge bakin sukudirebar a wandonsa.

"Kashe shi," ya ce. "Yana cizon haƙora."

Da aka buɗe, gani ya kori ji. Boris ɗin ya bushe ƙamas, ƙwallayen sun yi ramu-ramu, har ya fara shuɗi don zafi. Makanikai suka hau tafi. Manaja ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce yanzu ya yarda da akwatin, tunda Mai Kunne ya tabbatar. Babu wanda ya tuna da zancen giris, ko kuma kunya ta hana su tunawa. Tsinke har da ƙwalla, yana ta faɗa wa kowa, "Na gaya muku, kunnensa ne ma'auni." Mai Kunne ya tsaya yana karɓar yabo a kan amsar da ya leƙa a takardar ɗalibinsa, kuma bai taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Da yamma Tsinke ya zo gida. Bayan gaisuwa ya ce suna shiga masana'antun da ke da injunan da na'urar ba ta taɓa ji ba, suna buƙatar wanda zai riƙa saurara yana raɗa wa sautukan suna. Ya ce ofis na nan, kujera na nan, duk ranar da Yaya ya ga dama.

"Sai na yi shawara," in ji Mai Kunne.

"To kafin nan ga wata tsaraba. Na tono ta a tsohuwar wayata, ita ce ta farko da na taɓa naɗa."

Ya tura masa, ya yi sallama ya tafi. Malama ta zagayo ta zauna a gefensa na hagu. Ta daɗe da komawa zama a wannan gefen, bai taɓa tambayarta dalili ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Ta danna wayar.

Rurin inji ya cika falon. Can sai muryar yaro a tsorace, "Yaya, wannan fa?" Sannan wata murya mai kauri, mai cike da isa, ta mutumin da bai san akwai ranar da zai nemi abu ya rasa ba: "Kai kurma ne? Wannan ai ko jariri ya ji. Kukan yunwa ke nan, ji shi nan sama-sama kamar sauro. Ji! Ka ji shi?"

Malama ta yi dariya. "Kai, ka ga ni ma na ji shi. Ɗan tsuwwa ne siriri, ko?"

Mai Kunne ya karɓi wayar ya ƙara sauti har ƙarshe, ya manna ta a kunne yadda yake manna mariƙin katako. Muryar ta sake cewa ji shi nan, ji shi nan, shi kuwa ruri kawai yake ji. Duk ƙyashin da ya yi shekaru yana yi wa mai bene da mota bai kai rabin wanda ya taso masa yanzu a kan mutumin da ke cikin wayar ba, wannan mai bakin da ke zagin kurame.

"Sake sa min," ya ce, yana miƙa mata wayar.

Ta sake sawa, wannan karon ba ta yi dariya ba.